Ƙarshen Labari Yana Kasuwa

A kasuwar Malanville, in ka wuce layin masu albasa ka karya ta wajen masu gyaran rediyo, akwai rumfar wani dattijo mai ba da hayar littattafai. Bazabarme ne, ya ƙetaro kogi ya zauna tun ban yi wayo ba, kuma yana da wata ɗabi'a da ban taɓa jin mai irinta ba. Duk littafin da ya shigo hannunsa, kafin ya jera shi sai ya sa reza ya yanke babin ƙarshe, ya ɗinke shi da zare, ya sa masa lamba, ya jefa cikin wani tsohon akwatin ƙarfe da yake zama a kai. Ka ɗauki littafi ka kai gida ka karanta son ranka. Amma in kana son ka san wanda ya yi satar, dole ka dawo masa da kayansa, ka zauna a bencinsa, ya ɗaga ya zaro maka ƙarshen, ka karanta yana kallonka.

Ranar da na fara yi masa ƙorafi, ko gezau bai yi ba. Ya ce, "Madam, nan bakin iyaka ne. Mutum ya ɗauka yau, gobe shina Gaya. Littahin da ya hau gada bai dawowa, sai in ƙarshensa shina nan." Da wayoyi masu ɗaukar hoto suka cika gari sai ya ƙara doka: ka fito da waya a bencinsa, ya fizge takardunsa. Shi kuma ba ya faɗa wa kowa ƙarshen labari, ko za ka yi masa kuka. Na sha zaginsa a zuci, na kuma sha komawa.

Ni dai labarin bincike shi ne giyata. Tun ina kwaleji na kamu, kuma barin makaranta da aure da rumfar shinkafa ba su warkar da ni ba. Abin da zai ba ka dariya, ba na manya na fi so ba. Na manya jini ya yi musu yawa, Faransancinsu kuma ya fi ƙarfin wanda na fito da shi daga aji. Na yara nake bi, wasu ƙanana masu shuɗin bango, jeri guda, duk a kan wata yarinya 'yar mai gidan burodi a wani gari na bakin teku inda ake sanyi har ruwa ya daskare. Duk abin da ya ɓace a garin, ita ke gano shi kafin jandarma su gama ɗaure takalmi. Tana da wani aboki, tsoho mai jirgin fito, wanda ke ƙetarar da mutane zuwa tsibiri. In kanta ya ɗaure sai ta je ta zauna a jirginsa, ya ba ta gasasshen kifi, ya bar ta ta yi tunani. Matan layinmu na ganina da littafin yara a kan buhun shinkafa suna taɓe baki. Ban taɓa ɓoye shi ba.

Akwai mai saurarena a gida: 'yata ta fari, tana da shekara goma a lokacin. Tun da 'yar fari ce, ba na kiran sunanta, ba na yabonta a gaban mutane, ba na jan ta a jiki. Haka na taras ana yi, haka aka yi mini. "Ke" nake ce mata, ko "yarinyar nan". Amma da la'asar in na dawo daga kasuwa sai ta zo ta raɓe a bakin tabarma, in karanta da Faransanci in juya mata da Hausa. In muka kai inda reza ta bi, mu tafi rumfar dattijon tare, in karanta mata ƙarshen a hankali a kunne.

Matsalarta ɗaya, kuma babba ce: ba ta iya karatu ba. Haruffa ta san su ɗai-ɗai, haɗa su ne ya gagara. Ga ta da kaifin kunne da zaƙin baki, abin da aka karanta a aji sau ɗaya sai ta haddace, ta riƙe littafi tana zubowa kamar gaske. Da haka ta yi ta tsallakewa, har ranar da malaminsu na lakwal, wato makaranta, wanda muke ce wa mushe, ya lura tana karanta darasin yau alhali shafin jiya ne a buɗe. Ta riga ta maimaita aji sau ɗaya. Ya kira ni ya ce in ba ta gyaru ba kafin ƙarshen shekara, shi bai ga amfanin zamanta ba.

Ana cikin haka na haihu, namiji, daidai lokacin da albasa ta fara cika kasuwa kuma zafi ya kankama. Mahaifiyata ta taso daga Garou a bayan babur, da ganyen darbejiya da kanwa da bakinta, ta zo yi mini wankan jego. Wanda ya san jego ya san ɗauri ne: ruwan zafi safe da yamma, kunun kanwa, kuma ƙafarka ba ta taka ƙofar gida sai an yi arba'in. Inna ba ta wasa da wannan. Ko leƙa zaure na yi sai ta yi gyaran murya.

Ranar suna maganar yarinyar ta taso. Maigidana direban babbar mota ne, yana kai albasa kudu, kwana biyu kawai ya samu a gida. Inna ta same shi bayan baƙi sun watse ta ce, "Wagga ɗiya lakwal ba ta karɓe ta ba. Ku ba ni ita in tahi da ita Garou. Ta koyi dashen albasa da shinkafa, ta taya ni zama. Mi anka rage ta da shi?" Ba da mugunta ta faɗa ba. Tun rasuwar mahaifina ita kaɗai ce a gida, kuma tana ƙaunar jikarta fiye da yadda take ƙaunata, wannan ko a gaban alƙali zan faɗa. Maigidana ya sosa ƙeya, ya ce to, in an yi arba'in yarinya ba ta iya karatu ba, Inna ta tafi da ita.

Ina ɗaki ina jin su, raina ya yi baƙi ƙirin. Na san fadamar Garou. Yarinyar da ta shiga ba ta komawa aji. Amma 'yar fari ce, ba ni da bakin da zan fito in ce a bar mini 'yata, balle a gaban wadda ta haife ni. Na haɗiye, na juya fuska bango.

Ga kuma wata damuwar da ba ta kai wannan ba amma tana cizo. Naƙuda ta kama ni ina tsakiyar littafi. An sace agogon zinariya na shugaban makaranta, na gama abin da ke hannuna, ƙarshen yana kasuwa a ƙarƙashin dattijo, ni kuma ina ɗaure a ɗaki. Na daure, na daure, na kasa. Wata Laraba da ba su komawa lakwal da rana, na miƙa wa yarinyar littafin na ce ta mayar, ta zauna ta duba ƙarshen ta zo ta gaya mini, ta kuma karɓo na gaba. Na san ba ta iya ba. Na ce a raina ko hotuna ta gani ta kawo mini wani abu.

Kafin kununa ya huce ta dawo, ido na ƙyalli. Ta tsaya a tsakar ɗaki ta zuba mana labari da hannu da ƙafa. Ai mai kantin nan ne, mai gashin baki, wanda ke yi wa yara tsawa. Ya ɓoye agogon a cikin buhun albasa, ya hau babur ya nufi gada, 'yan duwan, wato kwastan, suka tare shi suka zazzage buhun, agogo ya faɗo. Inna, wadda kullum take cewa littattafaina shirme ne amma ba ta barin ɗakin in ana karantawa, ta buga cinya ta ce, "Ni na sani! Tun da naj ji gashin bakin nan na ce shi na."

Ni kuwa ban yarda ba. Garin da ruwa ke daskarewa, ina suka ga buhun albasa, ina suka ga duwan? Kuma mai kantin yana kwance asibiti ranar da aka yi satar, babi na uku ya faɗa. Shekarun da na yi ina bin ɓarayin takarda ba su tafi a banza ba.

Na bar ta ta sake. A littafi na biyu ɓarawon ya ƙi amsa laifi sai da aka kai shi gaban liman ya dafa Alƙur'ani, a garin da ba a taɓa ambatar masallaci ba. A na uku an kama shi yana sayar da kayan a Gaya. Kullum wanda ya fi kowa baƙin hali shi ne ɓarawo, kullum kuma sai an yi masa dukan tsiya. Gaskiya labaranta sun yi daɗi, wani ma ya fi na littafin. Amma kwanaki na tafiya, Inna har ta aika an sayo wa jikarta takalmin roba na shiga fadama.

Wata rana Inna na bayan gida tana hura wutar ruwan wanka, na kira ta.

"Ke, zo nan. Garin nan nasu, akwai gada?"

Ta dubi ƙasa.

"Akwai liman?"

Ta ce, "Wataƙila akwai, ba su dai rubuta ba."

Hannuna ya tashi da kansa, Allah ya sa jariri na ɗaya hannun. Na sauke. Ta ɗago ta dube ni, ba hawaye, sai taurin kai irin nawa, ta ce, "Mama, haruffan suna da yawa. In na kama na farko, kahin in kai na ƙarshe na farkon ya gudu."

Ban yi mata maganar lakwal ba, ban yi mata maganar Garou ba, ta riga ta ji su har sun gundure ta. Gaskiyata na gaya mata. Na ce, "Ni ba ni iya fita. Littahi uku ke nan ban san wa yay yi sata ba, abin shina cina kamar ƙaiƙayi. Ba ni da kowa sai ke. Ban ce ki kawo min duka ba. Suna kawai nika so."

Na buɗe littafin da ke hannunmu na nuna mata sunayen mutum uku da muke zargi, kowanne da babban harafinsa a gaba. Na sa ta bi su da yatsa har ta san fuskar kowanne. Na nuna mata yadda ake rubuta ɓarawo da Faransanci. Na ce ta je ta nemi wannan kalmar a shafukan ƙarshe, ta ga sunan wa ke yawo kusa da ita.

Ranar ta daɗe. Da ta dawo ba rawa, ba hannu da ƙafa. Ta tsaya a bakin ƙofa ta faɗi suna ɗaya, na matar da ke share ofishin tashar jirgi, wadda ba wanda ya kula da ita. Na yi tsaki don haushin kaina, domin tun a babi na biyu an ce ita kaɗai ke da makulli. Inna ta ce wannan ƙarshen bai yi armashi ba, ina dukan? Na ce babu duka, Inna, haka suke yi a can.

Daga nan na zama azzaluma. Ta kawo suna, in ce to don me ya yi? Ta ce ba ta sani ba, in ce koma. Ta kawo dalili, in ce a ina ya ɓoye? Koma. Littafi ɗaya sai ta yi masa sawu uku. A gida kuma na ƙirƙiro ciwon ido, na ce tururin wanka ya sa ba na gani sosai, layin farko na kowane babi ita za ta karanta. Tana yi tana tuntuɓe, ina cije leɓe don kada in fizge littafin. Layi ɗaya ya zama biyu, biyu suka zama rabin shafi. Wani lokacin ta yi jifa da littafin ta fita, in ƙyale ta, domin na san ba ta iya kwana ba ta ji abin da ya faru ba. Cutar da ke jikina ce a jikinta.

Dattijon ya aiko da saƙo ta bakin wata maƙwabciyata mai sayar da tattasai: wai a gaya wa madam ɗiyarta ta mayar da bencinsa gado, tana zama tana motsa baki kamar mai lazimi, masu haya na tsaye. Na ce a gaya masa shi ya yanke littafin, shi ya jawo wa kansa. Maƙwabciyar ta ce amma fa ta ga ya ja bencin ya mayar inuwa.

Duk da haka hankalina bai kwanta ba. Inna ce ta fara faɗa, tana tankaɗe: "Wa ya sani ko wani ɗan kwaleji taka samu shi karanta mata? Wagga ɗiya da wayo, ta sayar da ke ta sayar da ni." Na ji haushi don maganar ta shige ni. Yarinyar da ta yaudari mushe shekara guda, ni ce za ta kasa? A gida tana karanta rabin shafi, gaskiya ne, amma da ni a gefe ina tura ta. Babi guda ita kaɗai a cikin hayaniyar kasuwa wani abu ne daban. Ba ni da hanyar ganewa daga ɗaki. Inna kuwa ta wanke kayan jikarta ta ɗaure a ɗankwali, ta ajiye ƙunshin a kan buhun gero inda kowa zai gani.

Ana saura 'yan kwanaki arba'in muka shiga wani littafi da aka sace sabon injin jirgin makaranta, wanda ke ɗauko yaran tsibiri. Akwai wani baƙo mai kuɗi da ya sauka a otal, akwai wani makanike mai zagin mutane. Ni na kafe a kan baƙon, Inna ta kafe a kan makaniken, har muka yi musu kamar a kanmu aka yi satar. A wannan littafin ma 'yar mai burodi ta je ta zauna a jirgin tsohon nan, ya ba ta kifi. Inna na son tsohon. Ta ce duk garin shi kaɗai ne mutum. Na san dalili, ko da ba ta faɗa ba: mahaifina masunci ne, kuma yarinyar nan ta yi wayo a cikin jirginsa, yana gasa mata kifi a bakin ruwa. In aka zo wurin tsohon a littafi, ita ke karɓa ta karanta da kanta, ba sai na yi ƙaryar ido ba.

Ranar Asabar bayan azahar ta tafi da littafin. Aka yi la'asar ba ta dawo ba. Inna ta fara leƙa ƙofa tana faɗin kasuwa ta cika da baƙi yau. Ruwan wankana ya tafasa ya huce. Ina shirin aika maƙwabciya sai na ji ƙarar ƙyaure.

Ta shigo ba sallama, hannu wayam, ba ta karɓo na gaba ba. Fuskarta ta kumbura, majina da hawaye sun haɗu. Na ce a raina ko babur ya buge ta ko wani ya taɓa ta. Inna ta riƙe ta tana jujjuyawa tana neman jini.

"Mi ya faru? Wa ya taɓa ki?"

Ta fizge ta zo gabana ta tsaya. Da ƙyar maganar ta fito.

"Mama, tsohon ne."

Na ce wane tsoho?

"Mai jirgi. Shi yas sace." Ta ja numfashi. "Injinsa ya mutu, ba shi da na gyara, ya ji tsoro a hana shi fito. Ya ɓoye sabon ƙarƙashin taru. Kuma 'yar mai burodi ta gani, ranar da ya ba ta kihi ta ga mai a hannunsa. Ita da kanta ta tahi ta hwaɗa ma jandarma, tana kuka." Sai ta fashe gaba ɗaya. "Na ce ƙarya ne. Na ce ni ce ban iya ba. Na koma farko na bi da yatsa, na sake komawa. Sunansa ne, Mama. Na so in canza, in ce makanike ne, amma ba haka anka rubuta ba."

Inna ta saki baki ta ce, "Ƙarya takai! Wannan bawan Allah?"

Ni kuwa nan take na gane. Yarinyar nan, in ƙirƙira za ta yi, ko za a yanka ta ba za ta ɗora wa tsohon sata ba. In kuma wani ya karanta mata, da ta ce shi ya yi ƙarya, ta dawo mana da makanike da dukansa. Ta yi gardama da takarda ita kaɗai, takarda ta kayar da ita. Ban san lokacin da na ajiye jariri a kan gado ba. Na rangaɗa guɗa, irin wadda ban yi ba ko ranar suna, har kajin tsakar gida suka watse. Tana kuka ina dariya, hawaye na zubo mini ni ma. Na jawo ta, ƙatuwar yarinya mai shekara goma, na ɗora a cinya, na rungume, na kira sunanta da ƙarfi. Na sake kira. Tun da na haife ta bakina bai taɓa furta shi a gaban mutane ba.

Ta daina kukan cak, ta ɗago tana kallona kamar ba ta san ni ba. Inna ta rufe baki da gefen zane ta ce, "La ilaha illallahu. Jego ya taɓa miki kai? Ɗiyar fari, a gabana?" Na ce, "Inna, yau dai ki yi haƙuri, kunya ta tahi kasuwa." Farin cikin da na ji ranar ban taɓa jin irinsa ba, kuma ban sake ta ba sai da ƙafata ta yi sanyi.

Inna ba ta sallama nan take ba. Ta ce ita sai ta gani da idonta, kuma har yanzu ba ta yarda tsohon ya yi sata ba. Saboda haka ranar arba'in, da na yi wanka na ci ado na goya jariri, maimakon mu fara gaishe-gaishen dangi kamar yadda ake yi, kasuwa muka nufa mu uku. Inna na gaba da ƙunshin kayan jikarta a ka, don ta ce daga can tasha za ta wuce, ko da yarinya ko babu.

Dattijon ya gan mu ya miƙe, ya yi mini barka, ya leƙa jariri. Na tambaye shi ko akwai wanda ke karanta wa yarinyar nan a bencinsa. Ya ɓata rai kamar na zage shi. "A rumfata? Kowa da idonsa, madam. Ran Asabar ita ɗai ta zauna nan, tun azahar. Ta jiƙa min takarda da hawaye, sai da na shanya." Ya ɗaga akwatin ya zaro babin, ga shi kuwa duk ya yi kumburi, ya miƙo mini.

Wata shida da suka wuce da na fizge na karanta a tsaye. Na karɓa na miƙa mata, na ce idona bai warke ba.

Ta zauna a bencin, Inna ta zauna kusa da ita da ƙunshi a cinya. Ta sa yatsa ta fara. Ba gudu take ba, tana tsayawa, tana komawa, wata kalmar sai ta tauna ta sau biyu kafin ta fito. In ta kai ƙarshen layi biyu sai ta juya wa kakarta da Hausa, yadda nake yi. Masu babura na ta hon, wani na rantsuwa da yaren Dendi a kan kuɗin albasa, ita ko ɗagowa ba ta yi ba. Mai gyaran rediyo na kusa ya rage muryar rediyonsa. Da ta zo inda tsohon ya cire hularsa ya miƙa wa jandarma hannu, ya ce wa 'yar mai burodi ta yi daidai, kada ta yi kuka, sai muryarta ta yi rawa, amma ta kai ƙarshe.

Inna ta goge ido da bakin mayafi, ta ce talauci bai yi ba, Allah ya isa tsakaninta da wanda ya rubuta wannan abu. Sannan ta ɗauki ƙunshin ta dangwara wa jikarta a cinya. "Ungo tsiyarki, ƙawata. Ki zauna ki ci takarda. Wa zai ba mai sa mutane kuka dashen albasa?" Takalmin robar kawai ta zare, ta ce za ta ba jikar maƙwabta.

Muka raka ta tasha. An riga an yi ciniki da mai babur a kan mutum biyu, sai ta sayi buhun gishiri aka ɗaure a inda yarinyar za ta zauna. Muna tsaye har suka karya kwana suka kama hanyar Garou.

A hanyar komawa ta ratsa layin masu albasa tana gaba, ƙunshi a ka, sabon littafi a hammata. Matan layinmu suka taso yi mini barka, wata ta ce ina za ni da wannan rana da ɗanyen goyo. Na ce rakiya na yi wa mai karatu. Na kira ta da sunanta a tsakiyar kasuwa na ce ta jira ni, ta tsaya, na kama hannunta muka tafi gida.